Zaɓen Fitila Domin Renon Murjani a Tankin Gilashi

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Kano ake kawo jajayen duwatsun nan da mata ke ado da su, har jama'a suka ɗauka dutse ne kamar sauran duwatsu. Alhali kuwa murjani ƙashi ne na wata 'yar halittar teku mai baki guda da 'yan hannuwa kewaye da shi, wadda ke zaune cikin taro, dubu bisa dubu, tana gina wa kanta mazauni na alli. Jan murjanin ado na Bahar Rum yana zaune ne a kogon dutse da zurfin ruwa, inda haske ya ƙaranta, kuma abin da ya kama a ruwa shi yake ci. Amma murjanin da ke gina manyan tuddai a tekuna masu ɗumi, irin na Bahar Maliya, wanda aka sassaƙa aka gina tsohon garin Suwakin da shi, watau tashar da alhazai suka daɗe suna hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, ba ya rayuwa sai da haske. Wannan na biyun shi ake reno yau a tankunan gilashi masu ruwan gishiri, a gidajen masu sha'awa da ɗakunan bincike na Turai da Amurka da Asiya, kuma a nan ne zaɓen fitila ya zama al'amarin rai da mutuwa.

Dalilin haka yana cikin tsokar murjanin. Akwai wata irin gansakuka mai ƙwayar halitta guda, wadda masana ke kira zuzanteli, da ke zaune a jikinsa, kuma yawanta sau da yawa yakan kai miliyan ɗaya ko fiye a fili mai faɗin santimita guda da tsawon santimita guda. Ita ce ke karɓar haske ta haɗa sukari, kamar yadda ganyen dawa ke yi a gona, sa'an nan ta miƙa wa mai masaukinta mafi yawan abin da ta haɗa. Shi kuma ya ba ta mafaka da taki daga dattin jikinsa. 'Yar haya ce da ke biyan kuɗin ɗaki da abinci. Saboda haka fitilar da aka rataya bisa tanki ita ce rumbun murjani, kuma wanda ya zaɓe ta domin ta burge idonsa kaɗai ya bar mai ci da yunwa.

A nan ne galibin masu farawa ke yin kuskure. Idon ɗan Adam ya fi jin hasken da ke tsakanin kore da rawaya, wanda tsawon igiyarsa ya kai kimanin nanomita 555, kuma ma'aunin lumen da ake rubutawa a kwalin fitilun gida bisa wannan ido aka gina shi. Gansakukar murjani kuwa shuɗin haske ta fi sha, wajen nanomita 440 zuwa 470, domin tana da kulorofil iri biyu da wani launi mai suna feridinin wanda ke kama shuɗi har zuwa bakin kore. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin ruwa. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, sa'an nan rawaya ta bi baya, shuɗi ne ke kutsawa ƙasa. Ke nan fitila tana iya kashe ido da haske amma ta kasance ba ta da wani amfani ga murjani, wata kuma ta yi kamar dishi-dishi alhali tana ciyar da shi sarai.

Ma'aunin da ya dace shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PAR, watau ƙidayar ƙwayoyin hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 waɗanda ke sauka kan fili mai mita guda kowane gefe cikin daƙiƙa ɗaya. Da tsakar rana a ƙasashe masu zafi, adadin yakan kai wajen maikuromol 2,000 a saman ruwa. Murjani ba ya bukatar ko kusa da haka a tanki. Ƙa'idar da masu renon suka saba bi ita ce, murjani mai taushi da mai manyan bakuna su sami tsakanin 50 da 150, shi kuwa mai rassa da ƙananan bakuna, irin su Akurofora, ya sami tsakanin 200 da 400. Ba a sanin wannan da ido, sai da na'urar awo da ake nutsarwa cikin ruwa daidai inda za a ajiye murjanin, domin haske yana raguwa da sauri daga saman tanki zuwa ƙasansa. Na'urar tana da tsada, shi ya sa ƙungiyoyin masu sha'awa kan sayi guda su riƙa ba juna aro. Yawan wat da aka rubuta a jikin fitila kuwa yana nuna wutar da take ci ne kurum.

Kafin zuwan fitilar LED, da manyan ƙwayaye na metal-halayid masu wat 250 ko 400 ake aiki, tare da dogayen fitilun fuloresan. Lalle sun yi aiki, kuma har yanzu akwai waɗanda ba su yarda da wani abu ba sai su. Sai dai suna dumama ruwa har sai an haɗa da na'urar sanyaya shi, kuma kusan kowace shekara sai an sauya ƙwan saboda launinsa yana gurɓacewa. Abin da ya juya al'amarin shi ne samun LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami lambar Nobel a kansa a 2014. Farin LED ma shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai mayar da sashensa rawaya. Ashe launin da ya fi wuyar samu ga masanan lantarki shi ne wanda murjani ya fi bukata.

Fitilar kirki takan haɗa ƙwayaye masu launi daban-daban: shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske su ne ginshiƙi, sai na shunayya wajen nanomita 400 zuwa 420, sai fari domin mai kallo ya ga kifi da dutse cikin kamanninsu, sa'an nan ɗan ja da ɗan kore. Ja ba a yawaita shi. A ƙarƙashin shuɗi da shunayya murjani yakan yi ƙyalli kore ko ja kamar an kunna shi daga ciki, kuma wannan ƙyalli yakan ruɗi mutum ya kashe farin gaba ɗaya, ya zauna da tanki kamar an zuba masa baba. Murjanin bai damu ba, amma mai shi ba zai lura da cuta ko koɗewa da wuri ba.

Akwai wani aibi na LED da ba a cika faɗa a kasuwa ba. Haskenta daga 'yan ɗigo yake fitowa, ya sauko a miƙe kamar na tocila. Idan fitila ƙarama ce mai ƙarfi, tsakiyar tanki sai ta ƙone, gefe ya zauna cikin duhu. Murjani mai rassa kuma da ya girma sai rassan sama su yi wa na ƙasa inuwa, gindin ya mutu yayin da kan ke bunƙasa. A teku ba haka abin yake ba, domin rana tana tafiya, igiyar ruwa tana watsa haske, farin yashi kuma yana mayar da shi sama. Maganin shi ne fitila mai faɗi, ko biyu ko uku da haskensu ke shiga na juna, a ɗaga su kaɗan daga ruwa. Fitilu biyu matsakaita sun fi guda ɗaya mai tsananin ƙarfi.

Yawan haske ma, har wa yau, haɗari ne da ke kashe murjani a tanki, ba ƙarancinsa kaɗai ba. Idan haske ya wuce abin da gansakukar ke iya sarrafawa, musamman in ruwan ya yi zafi, sai ta fara fitar da wani nau'in iskar oksijin mai guba, murjanin kuma ya kore ta daga jikinsa. Daga nan sai ya koɗe, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin tsoka, in ba a gyara ba yunwa ta kashe shi. Wannan shi ne abin da ya auka wa babban tudun murjani na gabashin Ostareliya a 1998 da 2016 da 2017 da 2024 da wasu shekarun, sa'ad da zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da kimanin digiri ɗaya na tsawon makonni. A tanki kuwa sabuwar fitila kaɗai ta isa ta jawo haka cikin 'yan kwanaki, domin shuɗin LED ba ya nuna ƙarfinsa ga ido. Don haka wajibi ne fitilar ta kasance mai ragewa da ƙarawa. Akan fara da kamar rabin ƙarfin da ake nufi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, a kunna ta awa takwas zuwa goma sha biyu a rana, ruwan kuma a riƙe shi tsakanin digiri 24 da 27. In an sami tsarin da murjani ya karɓa, sai a bar shi haka; yawan taɓa maɓalli yana gajiyar da shi fiye da ɗan kuskuren launi.

Zafi da gishiri su ne magabtan fitilar kanta. Ko da yake masana'antu kan yi alkawarin awa 50,000, LED da ba ta da fanka ko ƙarfen da ke janye zafi takan dushe tun kafin lokaci, turirin ruwan gishiri kuma ya cinye wayoyinta.

Ikon tsara hasken LED daƙiƙa bayan daƙiƙa ya buɗe wata ƙofa da ta wuce ado. Murjani iri da yawa sau ɗaya a shekara suke sakin ƙwai da maniyyi cikin ruwa, 'yan darare bayan wata ya cika, kuma zafin ruwa da tsawon yini da hasken farin wata su ke gaya musu lokaci. A 2013, Jamie Craggs da abokan aikinsa a gidan tarihi na Horniman da ke Landan suka kwaikwayi waɗannan alamu da fitilun LED da kwamfuta, murjani ya yi ƙwai a tanki a lokacin da aka tsara. Da wannan dabara gidan kifaye na jihar Florida ya sa wani murjanin Tekun Atlantika mai siffar ginshiƙi, wanda cuta ta kusa ƙarar da shi a gaɓar jihar, ya yi ƙwai a tanki cikin watan Agusta na 2019.