Gayyar Intanet: Ire-irenta, Amfaninta, da Yadda Za Ka Gane Gonar Wa Kake Nomewa



Duk wanda ya tashi a kewayen Samaru, ko Bomo ko Basawa ko Shika, ya san aikin gayya. Mai gona ya sa rana, matasa su fito da fartanya, a dafa abinci, kafin azahar an gama noman da mutum ɗaya zai kwashe mako yana fama da shi. Irin wannan tsari ne kamfanoni da ƙungiyoyi suka ɗora a kan intanet: a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a raba wa dubban mutane, kowa ya yi abin da ya sawwaƙa daga wayarsa. Turawa na kiransa "kiraudsosin", kalmar da wani ɗan jarida mai suna Jeff Howe ya yayata a mujallar Wired a 2006. Mu a nan za mu kira shi gayyar intanet.

Sai dai akwai bambanci guda. A gayyar ƙauye kowa ya san gonar wa ake nomewa, ya kuma san ranar tasa za a fito masa. A intanet sau da yawa ba ka ganin mai gonar. Shi ya sa kafin ka shiga kowane dandali ya kamata ka amsa tambaya uku: me zan bayar, wa zai mallaki abin da aka tara, kuma kuɗi ta wane ɓangare suke tafiya? Da waɗannan tambayoyi za mu auna ire-iren da ke tafe.

1. Gayyar da kake yi ba ka sani ba

Idan baƙuwar lamba ta kira ka, Truecaller ta nuna "Mai Gyaran Waya PZ", ba kamfanin ne ya je Sabon Gari ya tambayo sunan ba. Daga lambobin da mutane suka adana a wayoyinsu da sunayen da masu amfani da manhajar ke turawa aka samo shi. Haka idan Google Maps ta ja jan layi a kan titin Kwangila, wayoyin mutanen da suka maƙale a cunkoson ne suka ba da labari, domin manhajar na ganin yadda tafiyarsu ta ragu. Hotunan nan ma da wasu shafuka ke cewa ka zaɓi masu fitilar hanya don a tabbatar kai mutum ne, wato reCAPTCHA wadda Google ya saya a 2009, an yi amfani da amsoshin mutane wajen gane rubutun tsofaffin littattafai da koya wa kwamfuta gane hotuna.

A nan bayananka ka bayar, kamfani ne mai gonar, ladanka kuma shi ne amfani da manhajar kyauta. Abin da ya rage gare ka shi ne ka shiga saitin wayarka ka duba wace manhaja ka bai wa izinin ganin lambobinka da wurin da kake.

2. Gayyar ilimi da taswira

Wikipedia, wadda aka buɗe a Janairun 2001, ita ce babbar gonar wannan fanni. Akwai ta Hausa, kuma masu sa kai ne ke rubuta ta. Ƙa'idarta ita ce ka kawo madogara, littafi ko jarida ko mujalla, ba "na ji an ce" ba. Nan ɗan Samaru ya fi wasu gata: ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da tarin rubuce-rubuce kan masara da dawa da auduga. Maƙala ɗaya mai madogara a kan Kufena ko ganuwar Zazzau ta fi guntaye ashirin da aka watsa wa injin fassara aka manna ba gyara.

A ɓangaren taswira akwai OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Kowa na iya buɗe asusu ya zana titi, ya sa masallaci, asibiti, famfon burtsatse ko shago. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban sun zana taswirar babban birnin cikin 'yan kwanaki, masu aikin ceto suka yi amfani da ita. A Android manhajar StreetComplete na yi maka ƙananan tambayoyi kan unguwar da kake tsaye. Google Maps ma na karɓar sababbin wurare da hotuna, amma bayanan na zama na Google, alhali na OpenStreetMap kowa na da damar saukewa ya gina manhajarsa a kai. Buɗe taswira ka duba lungunan Hayin Dogo ko Muchia ko Chikaji. Shagon da ba ya kan taswira, baƙo da ɗan aike ba za su same shi ba sai da kiran waya da kwatance.

3. Gayyar harshe

Manhajar da ke jin magana ta mayar da ita rubutu sai an ciyar da ita sautin mutane masu yawa. Turanci na da irin wannan tari jibge, Hausa kuwa kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu jin ta. Google Translate ta sa Hausa tun 2013, amma duk mai amfani da ita ya san inda take tuntuɓe, musamman a karin magana.

Mozilla ta buɗe Common Voice a 2017, kuma akwai Hausa a ciki. Aikin kala biyu ne: ko ka karanta gajeriyar jimla ka naɗi muryarka, ko ka saurari ta wani ka tabbatar ya karanta daidai. Ba a biya, amma abin da aka tara a buɗe yake ga kowa, har da ɗalibin da ke rubuta furojet a Samaru. Ka dai sani muryar da ka bayar ta zama ta jama'a, kowa na iya saukewa. Akwai kuma ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP da ke tara rubutu don harsunanmu. Idan Zazzagawa ba su sa baki ba, injin zai tashi da kunnen wasu garuruwa kawai.

4. Gayyar ido da shaida

Bayan rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007, wasu 'yan ƙasar, cikinsu har da Ory Okolloh da Juliana Rotich, sun gina Ushahidi a farkon 2008. Mutane na turo saƙon tes kan abin da suka gani, ana ɗora shi a taswira. Sunan da Suwahilanci na nufin shaida, tushensa ɗaya da kalmarmu. A zaɓen Najeriya na 2011 shirin ReclaimNaija ya yi amfani da wannan manhaja.

A gida kuma, kungiyar BudgIT ta fito da Tracka a 2014 don jama'a su bi diddigin ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafin kuɗi. Follow The Money ta Hamzat Lawal ta fara ne a 2012 da batun gubar dalma a Bagega ta jihar Zamfara, kuma matsin lambar ya taimaka aka saki kuɗin tsabtace garin a 2013. Darajar irin wannan gayya tana ga gaskiyar rahoto: hoto bayyananne, sunan wuri, kwanan wata, ba ƙari ba ragi. Rahoton ƙarya ɗaya na iya zubar da mutuncin na gaskiya ɗari.

5. Gayyar lada

Wannan ce mafi yawanmu ke tambaya a kai. Ta kasu uku.

Na farko, ƙananan ayyuka: sa wa hotuna alama, rubuta abin da aka faɗa a sauti, tantance amsoshin ƙirƙirarriyar basira. Amazon Mechanical Turk ce ta yi fice da wannan tun 2005. Kuɗin kowane aiki ƙanƙane ne, kuma ba ka da tabbas. A Maris 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofa ga ma'aikatansa na Najeriya da Kenya da Pakistan. Mujallar Time kuma ta ruwaito a 2023 cewa an biya wasu ma'aikata a Kenya ƙasa da dala 2 a awa wajen tace bayanan da aka gyara ChatGPT da su. Saboda haka ka yi lissafi: data nawa ka ƙona, cajin waya nawa ka biya ranar da babu wuta, awa nawa ka zauna?

Na biyu, dandalin sana'a irin su Fiverr da Upwork, inda kake tallata abin da ka iya: zane, fassara, haɗa bidiyo, gina shafi. Suna cire kasonsu daga kuɗin aikin, kuma ana iya karɓar biya ta Payoneer. A zanen tambari kana gogayya da duk duniya. A fassarar Turanci zuwa Hausa kuwa abokan gogayyarka kaɗan ne, muddin ka iya ƙa'idar rubutu, ka san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ.

Na uku, gasa. A Kaggle da Zindi, wadda ta mayar da hankali kan Afirka, kamfani na kawo matsala da bayanai, wanda ya fi warwarewa ya ɗauki kyauta. Mutum ɗari na iya yin aiki, uku su samu kuɗi. Ribar sauran ita ce koyo da abin nunawa ranar neman aiki.

6. Gayyar kuɗi

Wannan 'yar'uwar gudummawar biki ce. Kickstarter, tun 2009, na tara wa masu sabuwar dabara jari, GoFundMe kuma, tun 2010, an fi sanin ta da kuɗin asibiti da makaranta. GoFundMe ba ta tura kuɗi kai tsaye zuwa bankin Najeriya, shi ya sa mafi yawan namu a WhatsApp da Facebook ake yin sa da lambar asusu. Kafin ka tura wa mara lafiyar da aka ce yana kwance a Shika, nemi wanda ya san shi, ka kuma duba ko sunan asusun ya dace da labarin. Mai tarawa shi ma ya riƙa nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Idan kuma an ce ka zuba jari a ba ka riba, to an shiga hurumin hukumar SEC, wadda ta fitar da ƙa'idojin wannan harka a 2021. Duba sunan kamfanin a shafin hukumar kafin ka saki ko naira ɗaya.

Inda 'yan damfara ke laɓewa

Saƙo zai shigo maka a Telegram ko WhatsApp: ka danna alamar so a bidiyo biyar a biya ka. Za su biya na farko don ka saki jiki, sannan su ce ka sa kuɗi don hawa mataki na gaba. Daga nan labari ya ƙare. Waɗanda suka ga rushewar MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025 sun san ƙarshen alkawarin riba mai sauƙi. Alamomin ba su canzawa:

- an ce ka biya kafin a ba ka aiki;
- samunka ya dogara da yawan mutanen da ka jawo;
- ana neman BVN ko lambar sirrin da banki ya turo maka;
- ana so ka ba da hayar asusun bankinka ko layinka.

Ko a ƙauye, ba a taɓa cewa ɗan gayya ya biya mai gona kafin ya kama fartanya ba.

Daga ina za ka fara?

Idan koyo kake so, fara da wadda amfaninta ke dawowa gida: sa shago biyar na layinku a taswira, ko ka naɗi jimla goma a Common Voice, ko ka gyara maƙala ɗaya a Wikipedia ta Hausa. Idan kuɗi kake nema, zaɓi sana'a ɗaya ka goge a kanta, ka tabbatar dandalin na karɓar 'yan Najeriya, ka kuma san hanyar da kuɗin za su iso asusunka tun kafin ka fara aiki. Kowace ka zaɓa, karanta sharuɗɗan dandalin ka san gonar wa kake nomewa.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.