Idan Takardar Harajin Gida Ta Zo Da Sunan Mamaci

Yau zancenmu a kan wani abu ne da yakan sami mace tana cikin takaba, watau a kawo takardar biyan kuɗin gida da sunan maigidan da ya rasu. Wata sai ta tsorata ta sayar da ɗan abin hannunta ta biya, wata kuma ta cusa takardar ƙarƙashin katifa ta ce ai mai bashin ya tafi. To, duka biyun kuskure ne.

Da farko ki sani wannan ba irin harajin nan ba ne na kan mutum, wanda gwamnonin Kano da Kaduna suka soke tare da jangali a 1979. Wannan a kan gida yake, gida kuwa ba ya mutuwa. Kuma iri biyu ne. Akwai harajin gida, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa kimanta gidaje dominsa cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma. Akwai kuma kuɗin ƙasa da mai takardar shaidar mallaka yake biyan gwamnatin jiha. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba Gwamna ikon soke mallakar wanda ya ƙi biyan wannan kuɗi. Kin ga ke nan sakaci yana iya jawo wa marayu asarar muhallinsu.

Amma fa ba duk abin da aka rubuto ne daidai ba. Ki sa a karanta miki takardar a tsanake, a duba suna, da lambar fili, da shekarun da ake bi, da yawan kuɗin. Sa'an nan a binciko tsofaffin rasit a akwatin marigayi. Idan an sake lissafa shekarar da ya riga ya biya, rasit ne kaɗai zai fid da ku.

In kun ga kuskure, sai a rubuta takardar ƙorafi zuwa ofishin da ya aiko, a haɗa da kofen rasit da na takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa. A yi kofe biyu, a buga hatimi a ɗaya ku riƙe. A kuma hanzarta, kada wa'adin da aka sa ya wuce. Tun da kina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, sai ki wakilta babban ɗanki ko wani amintacce. Kada a ba kowa ko kwabo a ƙofar gida ba tare da rasit na hukuma ba.

To, in bashin ya tabbata fa, wa zai biya? A shari'a, bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara cirewa daga dukiyar mamaci, sai wasiyya, sa'an nan a raba gado. Saboda haka abin da ya taru kafin rasuwarsa daga dukiyarsa zai fita, ba daga sadakinki ko awakinki ba. Na bayan rasuwa kuwa, adalci shi ne magada su ɗauka gwargwadon rabon kowa. Matar da rabonta tumuni ne, watau ɗaya bisa takwas, bai kamata a ɗora mata duka ba don kawai ita ke zaune a gidan. In dangi sun matsa, a kai maganar gaban alƙalin da ke rabon gadon. Bayan rabo kuma, a je ofishin ƙasa da safiyo a nemi sauya suna.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. Ku karanta wa iyayenku mata irin waɗannan takardu, ku tattara rasit wuri ɗaya. Matan aure, ku tambayi mazanku inda takardun gida suke tun ana tare, wannan ba fatan mutuwa ba ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya marayu, amin.