Ƙuri'ar raba-gardama: yaushe aka taɓa tambayar talaka?

Ranar 27 ga Agustan 1991, gero ya fitar da kai a gonakin Dambatta lokacin da rediyo ya sanar cewa Janar Babangida ya cire Jigawa daga Kano. Manomin da surukansa ke Kazaure ya ga sun koma mutanen wata jiha, ba wanda ya nemi jin ta bakinsa. Haka aka sake yi a 2019, da Ganduje ya ɗaga Bichi ta zama masarauta mai cin gashin kanta, da kuma 2024 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe ta. Majalisa ce ta yi kiɗanta ta yi rawarta.

Amma an taɓa tambayar talakan Arewa. Bayan Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na farko, yankin Mubi, Gwoza, Dikwa da Gembu, da ke ƙarƙashinta a da, ya koma riƙon amana a hannun Ingila. A 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya wa mutanen yankin ƙuri'a kan shiga Nijeriya, maza zalla suka jefa, kuma mafi yawa suka ce a dakata tukuna. Wannan ya girgiza Sardauna, aka shiga gyaran mulkin En'e a yankin. Da aka sake a Fabrairun 1961, har da mata, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Daga nan aka sami Lardin Sardauna.

Shin an yi adalci? Kamaru ta ce a'a, har ta kai Ingila ƙara kotun duniya, kotun kuwa ta ƙi yanke hukunci a 1963. Babban ƙorafin ma yana cikin tambayar kanta: ko Nijeriya ko Kamaru, babu akwatin mai son tsayawa da ƙafarsa. Masu magana da Turanci a kudancin ƙasar riƙon amanar Ingila, waɗanda su kuma suka bi Kamaru, har yau suna kafa hujja da wannan a rikicinsu da Yawunde.

A Nijar ma, a ƙuri'ar raba-gardama ta Satumban 1958, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya nemi a ce wa Faransa "a'a". Gwamnan Faransa da sarakuna suka tsaya bayan "i", ita ta yi rinjaye, mutanen Sawaba kuma suka yi kukan maguɗi.

Yau masu neman a fitar da jihar Gari ko ta Tiga daga Kano suna da sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 a gabansu. Sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince ta ƙuri'a, ban da sahalewar majalisu. Sau ɗaya tak aka taɓa ƙirƙiro yanki ta wannan hanya, wato Midwest a 1963. Jihohi 36 da ake da su yanzu duk soja ne suka yanka su.