Zane Ɗaya, Bugu Hamsin

Da wuya a sami ƙungiyar manoma da ba ta da mai hannun zane. Shi ake kira ya rubuta allon majami'a. Amma in ya yi kwana biyu a kan hoto ɗaya, sau ɗaya zai sayar da shi, kuɗin ma ba zai kai na ƙwadagon kwana biyu ba. Da kaka ta wuce sai ya bi sauran samari cin rani. Akwai dabarar da za ta sa zane ɗaya ya haifi hamsin: a sassaƙa shi, a shafa masa tawada, a yi ta bugawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A garin Ntonso, kusa da Kumasi a ƙasar Gana, mutanen Asante suna yanka hatimi daga sakaina mai kauri, su tsoma a ruwan ɓawon itace da aka dafa, su buga a kan yadi. Suna kiran wannan aiki adinkra. A shekarar 1817 wani Bature mai suna Bowdich ya sami irin yadin nan a Kumasi, daga baya ya tafi da shi Ingila.

Sakaina tana da lanƙwasa, ta fi dacewa da yadi. Mu da za mu buga a kan takarda, tsohon tiyub na mota ya fi mana. A yanko shi, a wanke, a zana hoton a kai, a yanke da reza mai kaifi, a manna guntayen a kan katako mai santsi. Robar da ta rage ita za ta ɗauki tawada. Inda aka cire zai fito fari. Saboda haka kada mu cika ƙananan layuka. Rumbu, shanun huɗa, mace a bakin turmi, waɗannan suna fitowa sarai.

Ga inda kusan dukanmu muke faɗuwa da fari: hoto yakan fito a juye, dama ta koma hagu. Ga rumbu ba kome, amma rubutu sai ya lalace. A manna haruffa a juye, a duba cikin madubi. In sun karantu a madubi, za su karantu a takarda.

Tawadar masu buga littattafai ta fi kyau. A shafa kaɗan, gama in ta yi yawa takan cike hoton. A ɗora takarda, a riƙe da hannu ɗaya kada ta motsa, a goge bayanta da bayan cokali, sa'an nan a ɗaga a hankali. Tawadar nan ba ta bushewa da sauri, ƙurar hunturu kuwa takan manne mata, sai a shanya a kan igiya cikin ɗaki. A share katakon da tsumma da ɗan kananzir, nesa da wuta.

Kafin a buga ko ɗaya, ƙungiya ta zauna da mai zanen a yanke rabonsa, magatakarda ya rubuta. Zanen nasa ne, ko da takarda da tawada na ƙungiya ne. Kada kuma mu kwafi hoton kalandar wani mu sayar. Mai zanen ya sa sunansa da lamba da fensir a ƙasan kowane bugu: 1/50, 2/50, har ƙarshe. In mun ce 50, kada mu ƙara a ɓoye.

Wajen sa kuɗi, ma'aji ya haɗa na takarda, da tawada, da kuɗin mota, da ladan masu bugu. A ce 5 sun lalace cikin 50. To, a raba kuɗin a kan 45, sa'an nan a ɗora riba. Katin Kirsimati sai a gama shi cikin Nuwamba, domin bayan 25 ga Disamba ba mai saye. Katin gayyatar aure ya fi kwanciyar rai, gama ango yakan faɗi yawan da yake so, ya kuma ba da rabin kuɗi tun kafin a taɓa reza.