Yadda A Ke Auna Girman 'Ya'yan Kifi

Ƙasar Funtua da Malumfashi ƙasar noma ce. Ana noman masara da dawa da auduga. Akwai kuma masunta da ke kamun tarwaɗa da ƙarfasa a madatsun ruwa, kamar ta Mairuwa da ta Gwaigwaye. Waɗansu manoma kuwa kiwon tarwaɗa su ke yi a kududdufin da su ka gina a gida ko a gona.

Mai kiwon tarwaɗa ya san ranar da kifinsa ya zo duniya. In ruwa na da ɗumi, ƙwan tarwaɗa ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya. Ɗan kifin ya kan fito ɗan mitsitsi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa. Da ita ya ke rayuwa har kamar kwana uku, sa'an nan ya fara neman abinci. In mai kiwo yana so ya san ko suna girma, sai ya ɗebi kaɗan ya gwada tsawonsu da rula, ya rubuta. Bayan mako guda ya sake gwadawa.

Da hunturu ya kan ga sun rage cin abinci, girman kuma ya ja baya. Dalili kuwa, jikin kifi ba shi da ɗumin kansa kamar na akuya ko kaza. In ruwa ya yi sanyi, jikinsa ma ya yi sanyi. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30.

To, akwai inda sanyin ruwa ya fi na hunturu nesa ba kusa ba. Can ƙarshen duniya wajen arewa akwai Tekun Aktik. Da lokacin sanyi rana ta kan yi watanni ba ta fito ba, ƙanƙara ta rufe fuskar teku. Ruwan da ke ƙarƙashinta ya kan kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri. Duk da haka akwai kifi a ciki. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda a ke kira kod na ƙanƙara. Yana da wani sinadari a jininsa wanda ke hana jinin daskarewa. A ƙarƙashin ƙanƙara ya ke zuba ƙwai, ƙwan kuwa ya kan yi wata biyu ko fiye kafin ya ƙyanƙyashe.

A wannan teku ba mai rula, ba mai littafi. Ba wanda ya ga ranar da ɗan kifi ya fito daga ƙwai. To, ƙaƙa za a san kwanakinsa? Mai sayen sa a kasuwa haƙoransa ya ke dubawa ya gane shekarunsa. Shi kuwa kifi, shaidarsa tana cikin kansa. Bayan idanunsa, a cikin kunne, akwai waɗansu 'yan duwatsu farare, guda uku a ko wane gefe. Sinadarinsu iri ɗaya ne da na ɓawon ƙwai. Su ke taimakonsa ji, da kuma daidaita jiki cikin ruwa. Yadda kifi ke girma, haka dutsen ke ƙaruwa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. In aka duba cikinsa sai a ga zobba, wani cikin wani, kamar albasar da aka yanka biyu. A shekarar 1971 wani masani mai suna Giorgio Pannella ya nuna cewa ko wace rana kifi ya kan ƙara zobe guda.

Ga yadda a ke aikin. Masana su kan shiga jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara, su ja taru mai ƙananan idanu kamar rariya. 'Ya'yan kifin da aka kama sai a gwada tsawon ko wanne. Sa'an nan a sa tsinin allura a ciro dutsen, wanda bai kai ƙwayar rairayi ba. A manna shi a gilashi, a goge, a sa ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, a ƙidaya zobban. Aikin yana son haƙuri, gama a ruwan sanyi zobban sirara ne, sun matsu da juna ƙwarai. Don a tabbata ƙidayar daidai ce, a kan rena waɗansu a tanki inda aka san ranar ƙyanƙyasarsu, a gwada yawan zobbansu da yawan kwanakinsu.

Daga nan sai lissafi. A ce ɗan kifi ya fito da tsawon milimita 6. Ran da aka kama shi ya kai milimita 16, aka kuwa sami zobe 50. Ya ƙara milimita 10 ke nan cikin kwana 50, watau milimita ɗaya ko wane kwana biyar. Kusan haka 'ya'yan kod na ƙanƙara ke girma. Tarwaɗar Funtua kuwa, in ta sami abinci da ruwa mai ɗumi, tana iya kai kilo guda cikin wata shida.

Me ya sa a ke shan wannan wahala a kan abin da bai kai farce ba? A shekarar 1914 wani masanin ƙasar Norwe, Johan Hjort, ya bayyana cewa yawan kifin da masunta za su kama nan gaba ya danganta ga abin da ya sami 'ya'yan kifi tun suna ƙanana. Wanda bai sami abinci ba bayan gwaiduwarsa ta ƙare, yunwa ta kashe shi. Wanda ya daɗe yana ƙarami, manya su haɗiye shi. Kod na ƙanƙara kuwa shi ne abincin tsuntsayen teku da manyan dabbobin ruwa, da waɗannan dabbobi kuma mutanen bakin tekun ke rayuwa. Tun 1979 hotunan da a ke ɗauka daga sama suna nuna ƙanƙarar Aktik tana raguwa. In ruwan ya ɗumama da 'yan digiri kaɗan, ƙwan wannan kifi ya kan lalace.

Ashe damuwar masanin da ke cikin jirgin ƙanƙara da ta manomin da ke rufe kududdufinsa da leda cikin hunturu ɗaya ce. Dukansu sun san kifin da zai cika taru baɗi, tun yana ɗan mitsitsi a ke gane shi.