Wa ya sace 'ya'yan dankali?

Ƙulin ƙulifita: sama kore shar, ƙasa wayam. Mene ne?

Kunyar dankalin Turawa ce a fadamar Saulawa, wadda aka makara aka shuka hunturu na ban kwana. Ganye ya yi luf, manomi har ya fara lissafin buhuna. Ranar tono, fartanya ta shiga ta fito da saiwa zalla. Wa ya yi wannan aika-aika?

Gafiya? Babu rami, babu ɓarɓashi. Mugun iri? Ai ɗan'uwansa ne ke cika buhuna a Jos. Takin zamani? Shi kam yana da hannu, domin in yuriya ta yi yawa ganye ke morewa. Amma ɗan kore ne kawai. Maigidansa na nan ɓoye.

Mu leƙa ɗakin bincike. Ana tsiro da dankali cikin kwalba, babu ƙasa, babu gafiya. A bar shi cikin doguwar rana ta fitila, sai ya yi ta miƙewa. A ƙara masa sukari, a kashe fitila, a sanyaya ɗakin: ga 'ya'ya kamar gujiya. A ɗiga masa sinadarin jibarelin kuwa, shiru. Ko ɗaya.

To, mun kama ɓarawo? Saura ƙiris.

Dankali ba saiwa ba ne. Reshe ne mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, jibarelin na jikinsa na ingiza shi gaba. Ba ya tsayawa ya kumbura sai an aiko masa da izini. Daga ina?

Daga ganye.

A 2011 ayarin Salomé Prat a Madrid ya gano ɗan aiken, wani furotin mai suna SP6A. Ganye ke auna tsawon dare, ya ƙera furotin ɗin, ya tura shi ta hanyar da sukari ke bi zuwa ƙasa. Yana isa, jibarelin ya ja baya, kan reshen ya soma tara sitaci. Wannan dabara tana burge ni: na sama ke ganin lokaci, na cikin duhu yana jiran labari.

Daren ƙasar Zazzau, inda Saulawa take, yana da tsawon da ake so. Sanyi ne ya kuɓuce. Zafi na hana ganye ƙera ɗan aiken. A Kuru, inda cibiyar binciken dankali take a tsaunin Jos, dare na sanyi har cikin damina. A Saulawa kuwa, Maris na shigowa, bazara ta tare hanya. Reshe ya yi ta jira a ƙasa, saƙo bai zo ba.