Yadda ake horar da ɗalibi ya zama jagoran 'yan'uwansa a jami'a

A jami'o'i da dama na Amurka da Turai, ana saura 'yan kwanaki a buɗe zangon karatu, akan tara wasu zaɓaɓɓun ɗalibai domin a koya musu wani aiki da ba ya cikin manhajarsu. Su ne za su riƙa zama da na ƙasa da su mako-mako, suna taimaka musu su tsallake kwasa-kwasan da suka yi suna wajen kayar da ɗalibai. Umarnin farko da ake ba sabon shiga shi ne ya fi ɗaure masa kai: an zaɓo shi saboda ya san amsa, ga shi kuma ana ce masa ya riƙe bakinsa.

Tsarin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne wanda ake taƙaita sunansa da SI, wato ƙarin darasi. Dokta Deanna Martin ce ta ƙirƙiro shi a 1973 a Jami'ar Missouri da ke birnin Kansas a Amurka, lokacin da hukumomin jami'ar suka damu da yawan ɗaliban da ke zubewa daga karatun likitanci da na haƙori da na haɗa magunguna. Asara ce babba a ɗauki ɗalibi mai hazaƙa a irin waɗannan makarantu masu tsada, shekara na zagayowa kuma ya tattara kayansa.

Dabarar da ta zo da ita ita ce ta ɗauke ido daga kan ɗalibi ta mayar kan kwas. Maimakon a ware wasu a laƙaba musu sunan masu rauni, sai a duba tarihin sakamako a gano kwasa-kwasan da a kullum kimanin kashi 30 cikin 100 na masu ɗaukarsu ke samun D ko F ko su janye. Irin wannan kwas ake haɗawa da jagora, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa a ajin. Hikimar a fili take ga duk wanda ya taɓa zama ɗalibi: ba mai son a gan shi yana shiga ɗakin da aka san na daƙiƙai ne. A 1981 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta amince da tsarin a matsayin abin koyi. Daga farkon shekarun 1990 ya ƙetara zuwa Birtaniya da Suwidin da Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda a wurare da dama ake kiransa PASS. A yau Jami'ar Lund ce ke riƙe da cibiyarsa ta Turai.

Wa ake ɗauka?

Sharaɗin farko shi ne ɗalibi ya riga ya ci kwas ɗin da maki mai kyau, galibi kuma sai malamin kwas ɗin ya shaide shi. To amma maki kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda lissafi ke zo masa cikin sauƙi yakan kasa gane inda wani ya maƙale, domin shi bai taɓa tsayawa a wurin ba. Wanda ya sha wuya kafin ya ci yana tuna ramukan da ke hanyar ɗaya bayan ɗaya.

A tsarin Amurka jagora yakan koma ajin ya sake zaman lakca tare da sababbin ɗaliban, yana rubutu kamar kowa, sannan ya shirya zama na kimanin minti 50 sau biyu ko uku a mako, ana kuma biyansa. A Birtaniya akasari aikin sa-kai ne, kuma a Jami'ar Manchester jagorori bibbiyu ke riƙe rukuni ɗaya.

Abin da ake koya masa

Horon farko yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, mafi yawansa kuma gwaji ne a aikace. Ɗaya ya zama jagora, sauran su zama ɗalibai, wani ya yi ta surutu, wani ya ƙi cewa uffan, wani ya nace sai an ba shi amsa. Mai horarwa yana gefe yana kallo, in an gama a zauna a yi bitar abin da ya faru.

Darasi na farko shi ne mayar da tambaya. Idan ɗaliba ta ce ba ta gane yadda aka samo wani lissafi ba, jagora ba ya miƙewa ya nufi allo. Zai tambaye ta iya inda ta gane, ya nemi wani ya karanto abin da ya rubuta a lakca, ya miƙa alli ga na uku ya gwada. Wannan yana yi wa sabon jagora nauyi ƙwarai, domin ga amsa a bakinsa, ga idanu duk a kansa, yana kuma tsoron kada a ce bai sani ba. Su ma ɗaliban a makonnin farko sukan ji haushi, har wasu su daina zuwa. Dalilin dagewa a kai shi ne ranar jarrabawa jagora ba ya cikin zauren. Wanda ya kalli an warware tambaya yakan tashi da jin cewa ya iya, sai ya zauna shi kaɗai da farar takarda gaskiya ta bayyana.

Na biyu shi ne jure shiru. Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su juya ga wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki. Daƙiƙa uku ba komai ba ne a agogo, amma ga matashin da ke tsaye gaban tsaransa goma, ji yake kamar an wuni. Shi ya sa ake sa masu koyon aikin su riƙa ƙirgawa a zuci.

Na uku shi ne tabbatar da fahimta. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani, domin kowa zai gyaɗa kai. Ana koya wa jagora ya ce wa ɗalibi ya maimaita bayanin da kalmominsa, ko ya kawo nasa misalin, ko ya ƙirƙiro tambayar da yake zaton za ta fito a jarrabawa.

Inda aikinsa ya tsaya

Wani ɓangare na horon ya shafi sanin iyaka. Jagora ba ya duba takarda, ba ya ba da maki, ba ya yi wa kowa aikin da malami ya bayar. Zuwa zaman ganin dama ne, kuma a ƙa'idar tsarin ba a kai wa malami sunayen waɗanda suka zo, domin ɗalibi ya saki jiki ya yi tambayar da yake jin kunyar yi a lakca.

Sakin jikin kuwa yana jawo wani abin. Ɗalibin da ya amince da jagora kan darasin kimiyyar sinadarai, wata rana zai tsaya bayan kowa ya watse ya ce ba ya iya barci, ko kuɗin makaranta sun gagara, ko yana tunanin cutar da kansa. A nan ne ake jan kunnen masu koyon aikin sosai. Su saurara, kada su yi alkawarin rufe sirri ba tare da sharaɗi ba, su san ofishin ba da shawara da asibitin makaranta, in abin ya shafi rai kuma su sanar da mai kula da su nan take. Ɗan shekara 20 mai kirki zai so ya ɗauki kayan shi kaɗai, kuma wannan kirkin ne zai iya jefa su biyun cikin hatsari.

Horon ba ya ƙarewa da buɗe makaranta. Mai kula da shirin yakan shigo zaman lokaci-lokaci ya zauna a baya yana rubutu, daga baya ya nuna wa jagora sau nawa ya amsa tambayar da ya kamata ya mayar.

Shin yana aiki?

Jami'o'i da yawa sun ba da rahoton cewa masu halartar zaman sun fi samun maki, sun kuma fi ƙarancin faɗuwa. Wani nazari da Phillip Dawson da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya bi binciken da aka yi daga 2001 zuwa 2010, ya samu sakamakon da ya dace da wannan iƙirari, tare da nuna raunin hanyoyin da aka bi a yawancin binciken. Matsalar ita ce tunda zuwa ganin dama ne, mai yiwuwa masu himma tun asali su ne ke zuwa. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Wollongong ta Ostireliya, aka wallafa a 2016, ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan matsala, tasirin da ya gano kuma bai kai a kafa hujja da shi ba. Don haka duk jami'ar da ke tallata shirin tamkar maganin kowace cuta ta zarce abin da shaidu suka nuna.

Ga jagoran kansa kuwa akwai riba. Wani gwaji a Jami'ar Washington da ke St. Louis a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka ce musu za su koyar da abin da suka karanta sun fi tuna shi cikin tsari a kan waɗanda aka ce jarrabawa kawai za su yi.

A jami'o'inmu na Najeriya, manyan ɗalibai sun daɗe suna shirya wa ƙannensu tutoriyal ta hannun ƙungiyoyin sassa da na addini, musamman in jarrabawa ta matso, kuma ba ƙaramin taimako suke yi ba a ajin da ɗaruruwa ke sauraren malami ɗaya. Sai dai yawanci lakca ce ta biyu: babban yaya yana gaban allo yana warware tsofaffin tambayoyi, sauran suna kwafa. Sashen da ke son gwada ɗaya hanyar yana da masu sa-kai a hannu, abin da zai ƙara shi ne horon kwana biyu, da ɗaki a jadawali tun makon farko, da malami guda da zai riƙa leƙawa.